Kare a Gida: Kora, Ƙazuwa da Zawon da Ya Ƙi Tsayawa

*Likita, maigidana ya kawo ɗan kwikwiyo don gadi. Bayan mako uku kora ta fito a kan ɗana mai shekara shida, gashin wurin ya kakkarye. Na shafa masa man kemis mai haɗi uku, ya lafa, sai ya dawo ya fi da. (Wata uwa daga Tudun Wada)*

Hajiya, a daina shafa man nan tun yau. Cikin haɗinsa akwai sitiroyid, mai kwantar da ƙaiƙayi da ja, amma yana raunana garkuwar fata, sai fangas ɗin, wato ƙwayar da ke jawo kora, ya samu fili ya bazu. Kora kuwa ko man da ya dace ba ya warkar da ita shi kaɗai, domin ƙwayar tana cikin silin gashi har saiwarsa, inda mai ba ya kaiwa. Maganinta na sha ne, girisiyofulbin, wajen miligiram 20 ga kowane kilo na nauyin yaro a kullum, mako 6 zuwa 8. A auna shi a asibiti kafin a yanke adadin. A ba shi da madara ko abinci mai maiƙo, don da mai yake shiga jini sosai. Cutar kan dawo wa waɗanda suka daina shan maganin da wuri, da ganin wurin ya yi kyau.

Zarginki a kan kwikwiyon yana kan hanya. Akwai nau'in fangas da ke zama a gashin kare da kyanwa, wani lokaci ba tare da wata alama a jikinsu ba, kuma gashin da ya zube yana iya ɗauke da cutar fiye da shekara. A kai shi asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. Mataji, hula da rigar matashin yaron a ware su, a wanke da ruwan zafi. Kada a kai shi wurin mai aski da injin kowa da kowa.

*Karen farautata susa dare da rana, bakin kunnuwansa da gwiwoyin hannunsa sun yi ɓawo. Na shafa masa baƙin mai. Yanzu ni ma ƙuraje sun feso mini a hannu da ciki. (Mafarauci daga Basawa)*

Malam, wannan siffar ƙazuwar kare ce. Ƙwaron nata yana cizon mutum, amma ba ya iya hayayyafa da kyau a fatarmu, saboda haka ƙurajenka za su baje cikin 'yan makonni idan an warkar da karen. Baƙin mai guba ne, yana ƙona fata, kare kuma yana lashe shi. A wanke shi da sabulu da ruwan ɗumi, likitan dabbobi ya ba shi aibamektin gwargwadon nauyinsa, a kuma haɗa da duk karnukan gidan. Idan ƙaiƙayin ya shiga tsakanin yatsunka, iyalinka ma suna susa da dare, to ƙazuwar mutane ce, gida gaba ɗaya za a yi wa magani.

*Wata takwas ina zawo da jini da majina, na rame. Na sha Flagyl sau huɗu, na sha maganin basir. Kwanan nan wasu jajayen kulu masu zafi sun fito mini a ƙwauri. Karenmu ma ya daɗe yana zawo. Daga gare shi na ɗauka? (Ɗalibi daga Samaru)*

Ɗan'uwa, wata takwas da rama ya wuce a kira shi basir. Ina tunanin kumburin hanji mai daɗewa, wanda garkuwar jiki da kanta ke kai wa bangon hanji hari. Iri biyu ne manya: mai gyambon babban hanji kaɗai, da cutar Crohn, wadda aka bayyana a Amurka a 1932, mai iya kama ko'ina daga baki har dubura. Kulun ƙwaurin nan suna cikin alamomin da kan biyo ta. Ba a ɗaukar ta daga kare, ba a ɗaukar ta daga mutum.

Amma a nan ƙasar ba da ita ake farawa ba. Sai an fitar da atini, tsutsar ciki, tsargiyar hanji, cuta mai karya garkuwar jiki, da uwa-uba tarin fuka na hanji, wanda ke kama da Crohn har a hoto. Dalilin taka-tsantsan shi ne maganin kumburin hanji, irin su firednisolon, danne garkuwa yake yi. Aka ba mai tarin fuka shi, an zuba wa wuta fetur. Ka je asibitin koyarwa na Shika: gwajin bayan gida, gwajin jini, hoton ƙirji, sannan a zura kyamara ta dubura a ɗan gutsuro naman hanji a duba. Kafin nan ka guji ibufurofen da dikilofenak, suna tayar da ciwon.

Batun karen yana da ban sha'awa, don masu bincike sun daɗe suna kwatanta hanjin kare da na mutum. A Faransa a 1998 an gano wani nau'in bakteriyar ikolai mai manne wa bangon hanji a jikin masu Crohn. A 2006 masu bincike a Jami'ar Cornell suka samu makamancinsa cikin hanjin karnuka 'yan asalin Boksa masu zawon jini, kuma waɗannan karnukan kan warke da maganin kashe bakteriya. Ga mutane abin bai zo da sauƙi haka ba, shi ya sa maimaita Flagyl bai kai ka ko'ina ba.

Naku karen, idan zawonsa ya haura mako 3, a fara da gwajin kashinsa da maganin tsutsa. Sai a sa shi kan abinci ɗaya tak, nama iri guda da bai saba ci ba da shinkafa, babu ragowar tuwo, babu ƙashi, na mako 2. Da yawansu a nan zawon yake tsayawa. Kashinsa kuwa a kwashe da shebur a binne, a wanke hannu da sabulu, domin tsutsa da wasu bakteriyar zawo suna tsallakowa zuwa mutum.