Ɗinyar gonar mutane

'Yata, saƙonki ya iso. Ƙaninki ya karanta mini har sau biyu, shi ne ma yake rubuta wannan, don idona ya daina ganin ƙananan baƙaƙen wayar nan. Na ji har yanzu ranki bai huce ba kan abin da ya faru da kuka zo biki. Kin ce yaranki sun hau ɗinyar gonar bayan gari, tsoho mai gonar ya koro su, ya karɓe ledar da suka cika. Kin ce ai ɗinya ba wanda ya shuka ta, ta Allah ce. Kuma wai washegari kin ga mata sun fi goma a gonar gyaɗarsa suna tono suna zubawa a ƙwarya, yana zaune gindin gawo bai ce musu uffan ba. Shi ne kike tambaya ko don ku baƙi ne daga birni.

Ba don haka ba ne. Ubanki da aka haifa a garin nan ya sha tsumagiya a gindin wannan ɗinyar, ni na share masa hawaye.

Gaskiyarki, ba wanda ya shuka ta. Amma akwai wanda ya bar ta. Lokacin da take 'yar tsiro, da kakan mutumin nan ya sa fartanya sau ɗaya, da yanzu babu ita. Ya kewaye ta, ya haƙura da geron da inuwarta za ta cinye masa duk shekara, 'ya'yansa ma suka haƙura. A ƙasarmu ta Ringim itacen da ke cikin gona na mai gona ne, musamman ɗorawa da kuka da tsamiya. Har rabon gado ana yi da su. Ana ba mutum aron gona a ce masa ban da ɗorawar, don matan da ke daddawa suna sayen ƙalwarta tun tana bisa. In kin ga an ɗaure ƙaya a jikin itace, to sallama ake nema.

Sai dai mallakar ba irin ta akuya ba ce. Abin da ya faɗo ƙasa da kansa na mai tsinta ne. Mai wucewa ya miƙa hannu ya ci ya ƙoshi, ba wanda zai kalle shi, malamai ma sun ce mai yunwa ya ci amma kada ya ƙulle a gefen riga. Inda magana take canjawa shi ne hawa, da girgiza, da jifa, da cika buhu. Yaranki kuwa duk sun haɗa. Abin da kuma ba su gaya miki ba, waken mutumin yana ƙasa ba a rore shi ba, yara shida suka bi ta kansa suna tsalle. Da safe na je na gani da idona. Ba don ɗinyar ya fi jin zafi ba.

Kuma da sun tambaye ni, ai ba a hawa don ɗinya. Da sassafe ake zuwa, kafin awaki su riga ki. Za ki tarar ta zubo, wata baƙa wuluk, wata kore da ɗigo-ɗigon fari. Koren ake kawowa gida a turbuɗe cikin toka ko a rufe a ƙwarya, kwana biyu uku ta yi baƙi ta yi laushi. Mu da muna yara ba ma iya musun mun ci, haƙora da harshe sun riga sun ba da shaida. Innarmu takan tara ta da yawa ta dafa, ta tace, ta bar ruwan a wuta har ya yi kauri ya zama maɗi. Yau a garin nan mace ɗaya na sani da ta iya, ita ma ƙafa ta hana ta.

Matan da kika gani kuwa kala suke yi. In mai gona ya gama cire gyaɗarsa ya kwashe tarinsa, abin da ya tsinke ya saura cikin ƙasa ya fita daga hannunsa. Mata da yara su zo da 'yar fartanya su bi kunya-kunya suna tono. Haka in an ɗaure damman gero da dawa an kai gida, zangarniyar da ta faɗi ta mai kala ce. Wanda ya hana kala, gari zai yi da shi har jikokinsa. Amma ita ma da ƙa'idarta: ba a shiga sai mai gona ya kwashe, ba a matsawa kusa da tari, ba a yi da dare. Wadda ta yi kala gefen tarin da ba a kwashe ba, sunan abin da ta yi daban. Kuɗin kala na mace ne ita kaɗai, miji ba ya tambaya. Kwanonin jerena da yawa da gyaɗar kala aka saye su, tun ana dalar gyaɗa a Kano, kafin ciwon da ya kama ta a 1975 ya karya manoma.

Kin zo ne a farkon kaka, shi ya sa ɗinya kawai kika tarar. Yanzu gari ya shiga hidima. An ci tumu tun tuni, gero ya shiga rumbu bayan an fitar da dami ɗaya cikin goma na zakka, dawa na jiran sanyi ya busar da ita. Maza na hawa kuka suna sassaɓo ganye kafin ya zube, mu kuma mu shanya a inuwa, don wadda ta sha rana miyarta ba ta yin kore. Kan kowace katanga akwai kuɓewa da yakuwa da karkashi suna bushewa. Ƙarangiya ta nuna, in kika ratsa daji sai kin zauna cire ta daga zane ɗaya bayan ɗaya. Yara na fita da asuba kamun fara, lokacin da raɓa ta jiƙa mata fiffike ba ta iya tashi. Gawo da ya yi damina tsirara ya fara fitar da ganye. In hunturu ya kankama ne kanya da magarya da kurna da aduwa za su zo, tsamiya ta biyo baya, goruba kuma mutanen wajen Haɗeja su kawo ta buhu-buhu. Ni dai a nan karin maganar nan ta same ni, kanya ta nuna biri ya karye, haƙoran da zan ci goruba sun tafi.

Irin su magarya da aduwa da ke makiyaya ko gefen burtali, waɗannan kam na kowa ne, ko buhu kika cika ba mai magana. Haka ganyen da ke fitowa da kansa, tafasa da yaɗiya da lalo. Ban taɓa jin an hana mace tsinkar tafasa ba ko a gonar sarki ce. Na san dalili, don na ga farin 1973 ina budurwa. Gero ya bushe a tsaye bai kai ga fitar da kai ba. Kwaɗon tafasa muke ci da rana, da dare a tsotsi aduwa a sha ruwa. Na ga mata suna tona gidan tururuwa don hatsin da ta tara. A 1984 aka sake ɗanɗanawa. Wanda ya rayu da ganyen gonar wani a shekarun nan ba zai iya buɗe baki ya hana wata ba. Tsohon da kike fushi da shi yana cikinsu.

Abin da zan yarda da ke a kai, mutane sun fi da tsanani yanzu. Da, in an gama girbi sai mai unguwa ya sa a yi shela a saki dabbobi, Fulani su shigo su ci kara su bar taki, kowa ya amfana. Yau kara kuɗi ne, harawa kuɗi ce, zoɓo da riɗi motoci ke ɗauka zuwa Maigatari da Dawanau, har irin tafasar da muke sharewa mu ƙone akwai masu saye da mudu. Itatuwan kuma masu gawayi sun cinye. Tsakanin garinmu da kogi da akwai ɗinya sun fi a ƙirga, yanzu ba su wuce ki lissafa da yatsu ba. Wanda ya ga leda a hannun yaro, kasuwa yake tunani, ba ciki ba. Ban ce haka ya fi kyau ba, amma haka ake.

Abu ɗaya ne ya ɓata mini rai a naki ɓangaren, da kika tsaya a bakin hanya kina ɗaga masa murya gaban yara. Sa'an ubanki ne, ya ma girme shi. Da kin ce Baba a yi haƙuri, yara ne ba su sani ba, da shi da kansa zai sa jikansa ya tsinto musu. Hasali ma ledar tana nan. Da magariba bayan tafiyarku ya aiko da ita, ya ƙara da gyaɗa kwano ɗaya, ya ce a kai wa 'yan birni. Ɗinyar ba za ta jira mota ba, na raba wa yaran gida, gyaɗar kuma na soya, direban da ke zuwa ranar kasuwa zai kawo miki tare da garin kuka da busasshiyar kuɓewa.

In an ba yara hutun Disamba ki turo su, ko ki zo da su, lokacin magarya ta yi ja. Ki taho da goro da sabulu, ni zan raka ki gidansa. Ki gaida maigidan naki, ki ce masa maganin ƙafar da ya aiko ya kusa ƙarewa.

Gwaggonki