Fatawa: Matar da Ake Cutarwa Ba Ta Sayen Sakinta

Tambaya: Allah gafarta Malam, ni mazauniyar Mabera ce a Sakkwato. Shekara 6 da aurenmu, mijina yana duka na yana zagin iyayena, maƙwabta sun sha shigowa su raba mu. Na nemi ya sauwaƙe mini, ya ce sai na mayar masa da sadakinsa da kuɗin lefe. Dole ne in biya?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Ɗiyata, in dai lamarin yana yadda kika faɗa, ba a kanki yake ki biya shi ko kwabo ba. Mutane da yawa suna haɗa abubuwa biyu da shari'a ta raba, wato hul'i da sakin da alƙali yake yi saboda cutarwa.

Hul'i shi ne mace ta fanshi kanta da dukiya saboda zuciyarta ta ƙi zaman, alhali mijin bai zalunce ta ba, kamar yadda ya faru da matar Sabitu ɗan Ƙaisu, wadda ta ce ba ta aibata shi a addini ko hali, sai Annabi (SAW) ya umarce ta ta mayar masa da gonarsa, shi kuma ya sake ta. Amma wanda yake dukan matarsa har ta gaji ta nemi fita, Allah ya hana shi karɓar komai, domin a Suratun Nisa'i, aya ta 19, an hana maza ƙuntata wa mata don su ƙwace wani abu daga abin da suka ba su.

A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'armu suke hukunci da ita, idan cutarwa ta tabbata alƙali yana umartar miji ya saki, in ya ƙi sai alƙalin ya raba auren da kansa, kuma saki ne wanda miji ba shi da ikon yin kome a cikinsa, wato mayar da ita a cikin idda. Cutarwa tana tabbata da shaidu biyu adilai, tana kuma tabbata da labarin da ya yaɗu a unguwa, kamar yadda malamin Malikiyya Ibnu Asim ya ambata a littafinsa Tuhfa. Har ma Shaihu Halilu ya bayyana a littafinsa Muhtasar cewa matar da ta riga ta biya, sannan aka gano cutarwa ce ta tilasta ta, za a mayar mata da dukiyarta. Yana damuna ƙwarai yadda iyaye suke sayar da akuya ko gona don ceto 'ya'yansu saboda rashin sanin wannan hukunci.

Ki fara da waliyyinki, a kira manya daga danginki da nasa, kamar yadda aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta yi umarni. In sulhu ya gagara, ki shigar da ƙara a kotun shari'a ta yankinku tare da maƙwabtan da suka gani, da takardar asibiti in kin taɓa zuwa. In hukuncin bai gamsar da ke ba, kina da damar ɗaukaka ƙara. Ki sani fa, alƙali sai ya saurari mijin, ni kuwa ɓangarenki kaɗai na ji.

Bayan rabuwa za ki yi idda ta tsarki uku, ko har ki haihu in da juna biyu, kuma ki tabbata kin karɓi takardar hukuncin a hannunki. Allah ne Mafi sani.