Ina son shiga gasar harbin bindiga daga nesa: daga ina zan fara a Kaduna?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni matashi ne a Unguwar Rimi, Kaduna. Na daɗe ina kallon gasar da ake harbin allo daga nisan mita 800 zuwa 900 a intanet, abin yana burge ni ƙwarai. Ban taɓa riƙe bindiga ba. Wace bindiga zan saya, wane madubi zan ɗora mata, kuma a ina zan koya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka ta fara da saye, amma a wannan wasa saye ne ke zuwa a ƙarshe. Doka ce farko, sai koci, sai harbin mita 10 da bindigar iska.

Dokar bindigogi ta Najeriya, wadda aka kafa a 1959 kuma ake aiki da ita har yau, ta kasa bindigogi gida uku. Gidan farko na haramtattu ne, waɗanda ba mai riƙe su sai da lasisin shugaban ƙasa: mashinga, fistol da libarba, da bindigogin soja masu awon 7.62 da 9 na milimita ko .300 da .303 na inci. Gida na biyu yana hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda, a nan ne bindigar farauta da bindigar wasa mai wani awon dabam suke, har da bindigar iska. Na uku su ne bindigar toka da danginta. Ka lura da kyau, bindigar iska da wasu ke ɗauka abin wasan yara ce, a idon doka bindiga ce, tana buƙatar lasisi. Harsashi ma haka. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba lasisi, kuma riƙe haramtacciya ba izini yana jawo ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba. A 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da sabon lasisi, saboda haka ka je hedikwatar rundunar ta jiha ka ji matsayin da ake ciki kafin ka ƙulla komai. Duk wanda ya ce zai samo maka bindiga "takarda ta biyo baya", ka rabu da shi nan take.

Ga inda dokar ta shafi burinka kai tsaye. Ɗaya daga cikin harsasan da suka fi shahara a gasar nesa shi ne .308 Winchester, wanda faɗinsa ɗaya ne da 7.62 na soja. Filayen harbi masu tsawo da ke kewayen Kaduna, irin na Jaji da na makarantar horar da hafsoshi ta NDA, na sojoji ne, ba wurin da farar hula zai shiga da kansa ba. Gasar da kake kallo ana yin ta ne a wurare kamar Bisley ta Ingila, inda ake harbi tun 1890, da Bloemfontein ta Afirka ta Kudu, da Amurka da Kanada da Ostireliya. Hanyarka a gida ita ce ta Hukumar Wasan Harbi ta Najeriya, wadda ke bin ƙa'idojin hukumar duniya ta ISSF. Ka fara da ma'aikatar da ke kula da wasanni ta jiha, ka nemi a haɗa ka da masu kula da wasan harbi, ka kuma rubuta wa hukumar ta ƙasa. A ƙarƙashin ƙungiya ne mai koyo ke samun bindiga da fili da koci ta halastacciyar hanya.

Kada ka raina mita 10. Ana harba ƙwayar dalma mai faɗin milimita 4.5, a tsaye, ba madubin hangen nesa, kuma ɗigon da ke ba da maki 10 faɗinsa rabin milimita ne. Harbi 60 cikin minti 75. Iska ba ta busawa a ɗakin, babu ƙara, bindigar ba ta dukan kafaɗa, saboda haka duk kuskuren da ya fito a takarda naka ne, ba wanda za ka ɗora wa. Wannan shi ne amfaninta. Daga nan sai mita 50 da harsashin .22, a durƙushe da kwance da tsaye, inda da'irar 10 take milimita 10.4. Ni a ganina shekara guda a waɗannan biyun ta fi wa mai koyo amfani fiye da a ɗora shi kan babbar bindiga ranar farko, domin babbar tana koya wa sabon hannu razana, kuma razana ta fi komai wuyar fita.

Ka'idojin tsaro ba a sassauta su. Kowace bindiga ka ɗauka tana da harsashi a ciki har sai ka buɗe ka duba da idonka. Bakinta ba ya kallon mutum ko da wasa. Yatsa ba ya shiga wurin kunama sai ka daidaita a kan allo. Ka san abin da ke bayan allon, don ɗan harsashin .22 ɗin nan yana iya tafiyar fiye da kilomita ɗaya da rabi. Idan shugaban fili ya ce a tsaya, ka tsaya ko da yatsanka ya fara matsawa, ka buɗe bindigar, ka sa mata tutar da ke nuna ba komai a ciki. Ka toshe kunne, ka sa tabarau, ka wanke hannu da sabulu kafin cin abinci saboda dalma. Tukunyar bindigar iska kuma, wadda ake cika wa matsin bar 200, iska kawai ake sa mata, ba iskar oksijin ta masu walda ba, domin tana iya kamawa da wuta. Kuma tana da wa'adin shekara 10 da ke rubuce a jikinta.

Yanzu ga ainihin aikin. Da farko ka gano idon da ya fi rinjaye: miƙe hannuwa, yi ƙaramar kafa da tafukanka, kalli wani abu mai nisa ta cikinta da ido biyu, sannan ka rufe ɗaya bayan ɗaya. Idon da abin bai gushe masa ba shi ne jagora, kuma ta wannan gefen ya fi kyau ka riƙe bindiga.

Abu na biyu shi ne wanda yawancin masu koyo ke tsallakewa. Idan ka kwanta ka daidaita a kan allo, rufe ido, ja numfashi sau biyu, saki jikinka, sannan ka buɗe. Inda bindigar ta koma, nan jikinka yake nufi. In ta kauce hagu, kada ka jawo ta da ƙarfin hannu, ka gyara kwanciyarka gaba ɗaya daga ƙugu, ka sake gwadawa. Tsoka tana gajiya, tana rawa, kuma a daidai lokacin da harsashi ke fita takan saki. Ƙashi da maɗaurin hannu ko ƙafar bindiga su ne za su ɗauki nauyi. Kuncinka ya sauka wuri ɗaya a kan gindin bindigar kowane harbi, da nauyi iri ɗaya.

Numfashi: ka fitar da shi kamar yadda ka saba, a ɗan tsayawar da ke biyo baya ka harba. Kana da kamar daƙiƙa 6 zuwa 8. In sun wuce ba ka harba ba, ido zai fara dishi-dishi, hannu ya fara rawa. Sauke yatsa, numfasa, sake farawa. Kunama kuma matsa ta ake yi a hankali, kai tsaye zuwa baya, da tsokar gaɓar farko ta manuniya. Ba a fizga. Bayan harbi ya fita ka zauna yadda kake na daƙiƙa biyu, sannan ka faɗi inda kake jin ya sauka kafin ka duba. Ranar da faɗarka ta fara dacewa da abin da ke takarda, ka fara zama maharbi. In koci yana zargin kana razana, zai riƙa ɗura maka bindigar da kansa, wani lokaci da harsashin gaske, wani lokaci da na bogi. Idan kunama ta faɗa kan na bogi kuma bakin bindigar ya yi ƙasa, cutar ta bayyana. Maganinta atisayen matsa kunama ba harsashi, minti 15 a kowane zama.

Sai lissafi, wanda za ka iya fara koyo yau ba bindiga. Ana juya madubi da awon kusurwa iri biyu. MOA ɗaya santimita 2.9 ne a mita 100, kuma yawancin madubai suna motsa rubu'insa a kowane ƙas na majuyin madubin, wato kusan milimita 7. Mil ɗaya kuma santimita 10 ne a mita 100, kowane ƙas santimita 1. Ga wanda ya tashi da mita da santimita, mil ya fi sauƙi. Misali, ka harba biyar a mita 100, tsakiyar tarinsu ta sauka santimita 6 ƙasa, 3 hagu: ƙas 6 sama, 3 dama. A mita 50 kowane ƙas rabin santimita ne, sai ka ninka. Babban kuskure a nan shi ne bin harsashi ɗaya-ɗaya: ka harba, ka juya, ka harba, ka juya. Tsakiyar tarin biyar ko goma ake gyarawa. Kuma kada ka sayi madubin da zanen cikinsa mil ne amma majuyinsa MOA, zai rikita ka a lokacin da agogo ke tafiya.

Kura-kurai biyu na madubi suna ɓuya a kusa su fito a nesa. Ɗaya karkatar da bindiga gefe, wanda ke tura harbi zuwa gefen da ta karkata. Ƙaramin ma'aunin ruwa irin na magina a kan madubi yana maganinsa. Na biyu, in ka ɗan motsa kanka ka ga gicciyen madubi yana yawo a kan allo, ba a daidaita shi da wannan nisa ba, sai ka juya majuyin gefe har yawon ya tsaya.

Iska ita ce gasar. Faɗuwar harsashi ana lissafa ta, a rubuta, ta zauna. Iska ba ta zama. Harsashin .308 yana ɗaukar kusan daƙiƙa ɗaya da rabi kafin ya kai yadi 1,000, wato mita 914, kuma iskar gefe mai gudun kilomita 16 a awa tana iya kautar da shi mita biyu ko fiye. A ajin gasar nesa da ake kira F-Class da'irar tsakiyar allon kusan santimita 13 ce. Ka kwatanta. Ana karanta iska da fuskar agogo, allo yana ƙarfe 12: mai zuwa daga 3 ko 9 tana da cikakken ƙarfi, daga 1, 5, 7 ko 11 rabi, daga 12 ko 6 kusan ba ta tura harsashi gefe. Ana duba tutocin fili, ana kuma duba kawalwalniya ta madubi. In tana tafasa tana hawa sama, iska ta kwanta ko tana shirin juyawa, wannan ba lokacin harbi ba ne. In tana kwarara gefe, ga inda iskar ta nufa. Mai koyo ya zaɓi yanayi guda da ya fi dawowa, ya saita a kansa, ya harba idan ya dawo, ya jira idan ya tafi. Abin daɗin shi ne .22 a mita 50 tana koyar da wannan duka da arha: irin waccan iskar tana ture ta kusan santimita biyu da rabi, ya isa ya fitar da kai daga 10 zuwa 8 ko 7.

Yanayinmu makaranta ne. Iskar hunturu da ke busowa daga arewa maso gabas tun daga Nuwamba tana zuwa ne a fizge, hazo kuma yana dusar da allo, ƙurarsa tana shiga cikin bindiga. Man bindiga kaɗan za ka sa, don mai da ƙura in sun haɗu sun zama kamar sanfefa, kuma kada ka goge gilashin madubi a bushe, fara hure ƙurar. Zafin Maris da Afrilu yana sa iska ta yi sauƙi, harsashin da aka bari a rana kuma yana ƙara gudu, saboda haka saitin da ka yi da sanyin safiyar Janairu zai sauka sama da azahar ɗin bazara. Ka ajiye harsashi a inuwa. Da damina tsatsa ce abokiyar gaba. Ka buɗe littafi tun ranar farko: kwanan wata, lokaci, zafi, iska, lambar kwalin harsashi, saiti, da inda kowane harbi ya sauka. Lambar kwalin tana da muhimmanci domin kamfani ɗaya, iri ɗaya, amma zubi dabam, yana iya sauya inda tarinka ke sauka.

In Allah ya kai ka fili na nesa a waje, azuzuwan da za ka tarar ga su. Akwai na gargajiya irin na kofin Palma, wanda aka fara a 1876 a Amurka: kwance, da maɗaurin hannu, ba madubin hangen nesa, a yadi 800, 900 da 1,000. Akwai F-Class, mai ɗauke da harafin sunan George Farquharson na Kanada, inda aka yarda da madubi da abin ɗora bindiga. Ya rabu biyu: F-TR na .223 ko .308 kawai, nauyi bai wuce kilo 8.25 ba, da F-Open da ke kaiwa kilo 10. F-TR ya fi dacewa da sabon shiga, domin bututun .308 yana jure dubban harbi kuma kusan kowa yana kan harsashi iri ɗaya. Ka rubuta wa kulob ɗin tun da wuri, ka haɗa da shaidar ƙungiyarka ta gida da sakamakon gasanninka, ka tambayi sharuɗɗansu na baƙo da na aron bindiga.

Kuɗin da ka tanada, ga inda za su fara tafiya: abin toshe kunne, tabarau, tabarmar kwanciya, littafi, agogon ƙidaya, da gwajin ido a asibiti, don ƙaramar matsalar gani da ba ta dame ka a karatu za ta dame ka a kan ɗigon rabin milimita. In da saura, ƙaramin ma'aunin iska na hannu. Ka fita da shi fili da yamma, ka dubi ganye da ƙura da tuta, ka ƙiyasta gudun iskar da bakinka, sannan ka duba ma'aunin ka rubuta bambancin.