Dalilin hana ɗaukar silikon da hantsakin ƙarfe

'Yata, saƙonki ya iso. Kin ce a ɗakin gwajinku an hana ki ɗaukar silikon, sinadarin da ake yin ƙananan sassan lantarki da shi, da hantsakin ƙarfe, da kika nemi dalili aka ce miki haka aka saba, har kina tambaya ko camfi ne. Ba camfi ba ne, kuma na ji daɗin tambayar ƙwarai.

In aka yanka silikon, ƙwayoyin zarra na sama sukan rasa maƙwabtansu, hannayensu su rage a miƙe ba abin kamawa. Fuskar silikon da ake kira 111, wato ɗaya daga cikin fuskokin da ake samu gwargwadon yadda aka yanka shi, takan rage wannan rashi ta sake jera kanta cikin tsarin 7×7, wanda masana kimiyya Schlier da Farnsworth suka fara gani a 1959, masani Takayanagi ya warware sirrinsa a 1985: hannaye 49 sun koma 19. To, waɗannan 19 ɗin jira suke. Zarrar ƙarfen da ta sauka a kansu ta rasa 'yancin yawo, amma kamun da ta yi yana sakin zafi, kuma muddin ribar kamun ta rinjayi asarar 'yancin, zama ya kama ta. Lissafin Gibbs ke nan. In aka ƙara zafi 'yancin yakan ƙara daraja, shi ya sa azurfa ke tashi ta bar fuskar idan an gasa sosai.

Nikel fa, wanda shi ma wani irin ƙarfe ne, ba ya tashi haka, ciki yake nutsewa. Kuma ƙarfen hantsakin nan da ba ya tsatsa akwai nikel a jikinsa. Taɓawa ɗaya ta isa. Kina gasa silikon ɗinki a wajen digiri 1200 na ma'aunin Celsius don ki tsabtace shi, nikel ya ratsa ko'ina, silikon ɗin yana hucewa nikel ya taso sama ya kafa nasa tsarin, √19×√19. Na gani da idona ina matashi: na kashe fitila, na leƙa allon na'urar da ke nuna tsarin fuskar silikon a matsayin ɗigogin haske, ina jiran ɗigogin 7×7, sai ga waɗansu korayen ɗigogi da ban san su ba sun zagaye manyan ɗigogin. Aikin kwanaki ya tafi, raina ya ɓaci matuƙa.

Ki riƙe hantsakin Teflon, wato wata irin roba, maƙalan da ke riƙe silikon ɗin kuma su zama na ƙarfen tantalum ko molibdenum. In kin sauko wajen digiri 860, inda 7×7 ke haɗuwa, ki sassauta wutar a hankali, kada ki yi gaggawa.

Ki gaishe min da mahaifiyarki.

Kawunki