Dizal ko fetur: amsa ga mai shirin sayen bas ta hannu

Ɗan'uwa, ka ce ka ga bas guda biyu na hannu, ɗaya mai dizal ɗaya mai fetur, kana so ka san wacce za ta fi maka sauƙin riƙo a aikin ɗaukar kaya. Abu ɗaya ne ba ka faɗa ba, kuma a kansa amsar take: kilomita nawa za ta riƙa ci a shekara, kuma a wace irin hanya?

In aikinka na cikin gari ne, ka sauke kaya nan, ka kashe, ka tayar, ka matsa kilomita uku ka sake kashewa, ɗauki mai fetur. In kuwa doguwar hanya ce da lodi mai nauyi, kana haura kilomita 20,000 a shekara, dizal ya fi, muddin injin lafiyayye ne kuma man da za ka riƙa samu mai tsabta ne.

Maganar cewa dizal ba ya shan mai gaskiya ce. Litar dizal ta fi litar fetur ƙarfi da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, kuma injinsa yana matse iska fiye da na fetur, shi ya sa yake cin moriyar man sosai. Amma yi lissafin da kanka. A ce mai fetur tana shan lita 12 a kilomita 100, mai dizal tana shan 9. In kilomita 10,000 kake yi a shekara, lita 300 kawai ka tsira da ita, kuma gyaran nozul, wato bakin da ke fesa mai cikin inji, sau ɗaya zai iya lashe wannan har ya nemi ƙari. In 40,000 kake yi, lita 1,200 ke nan, magana ta canja. Ka sa farashin kowanne kamar yadda yake a inda kake, domin akwai wuraren da dizal ya fi fetur tsada.

Wajen jan kaya ma dizal ne a gaba, ba don ya fi ƙarfin doki ba, sai don ƙarfinsa yana zuwa da wuri. Dubi Toyota Hiace: injin fetur 2TR-FE mai lita 2.7 sai ya kai zagaye 3,800 a minti kafin ya ba da cikakken ƙarfin juyinsa, shi kuwa na dizal 2KD-FTV mai lita 2.5 tun a wajen 1,600 yake bayarwa. A kan tudu da cikakken lodi, mai fetur sai ka sauko da giya ka danne totur tana kuka, mai dizal tana haurawa abinta. Wannan ɗaga murya da riƙe kuloci shi ke cinye faifan kulocin mai fetur da wuri.

Inda mutane ke faɗawa rami shi ne suna sayen dizal na yau da sunan da dizal na da ya yi. Tsofaffin injina irin 5L na Toyota ba turbo, famfonsu mai sauƙi ne, suna haƙuri da mai marar kyau. Na yanzu ba haka suke ba. Famfo yana tura mai cikin bututu ɗaya da matsin da ya kai 1,600 zuwa sama da 2,000 a ma'aunin matsi na bar, nozul kuma ramukansa kamar silin gashi suke. Man dizal ɗin ne da kansa ke shafe cikin famfon, ba baƙin mai ba. Ruwa ko datti ya shiga, ko a yi kuskuren zuba fetur, famfon zai fara cin kansa, garin ƙarfe ya bi bututu ya shiga nozul huɗun ya koma tanki. A nan ba abu ɗaya ake canjawa ba: famfo, nozul, bututai, filta, sannan a sauke tanki a wanke.

Sai matatar hayaƙi, wadda ake kira DPF, kuma ita ce babban dalilin da ya sa na ce aikin cikin gari ba na dizal ba ne. Motocin dizal da aka ƙera a ƙa'idar hayaƙi ta Turai mai suna Euro 5 zuwa sama, wato daga wajen 2010, kusan duk suna da ita. Tana cikin salansa, tana tare kunkunniyar da da za ta fita a matsayin baƙin hayaƙi. In ta cika, kwamfutar motar tana ƙara fesa dizal don zafin salansa ya kai kusan digiri 600, kunkunniyar ta ƙone. Wannan yana buƙatar tafiya ta minti 15 zuwa 20 ba tsayawa, a gudun kilomita 60 ko fiye. Motar da kullum take cikin cunkoso ba ta samun wannan damar. Ƙonawar za ta fara, direba ya kashe mota, gobe ta sake farawa, ya sake kashewa. Dizal ɗin da bai ƙone ba sai ya zurare ta gefen fistin ya gauraya da baƙin mai, man ya tsinke, ya daina kare turbo da ƙarafan ƙasan inji. Daga nan fitila ta kama a dashbod, kwamfuta ta rage wa motar ƙarfi, ka taka totur har ƙasa tana rarrafe. Matatar tana kuma son baƙin mai na musamman mai ƙarancin toka, irin masu alamar C2 ko C3 a jikin galan, da dizal mai ƙarancin salfa. A Turai salfa ba ya wuce kashi 10 cikin miliyan. Inda man ya fi haka nesa ba kusa ba, matatar da bawul ɗin EGR, mai mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin inji, ba sa daɗewa suke toshewa.

Na Euro 6, daga wajen 2016, galibi suna da ƙarin tankin AdBlue, ruwan yuriya kashi 32.5 cikin ɗari da ake fesawa cikin salansa don rage gubar hayaƙi. In ya ƙare ka kashe mota, ba za ta sake tashi ba sai an zuba. Famfonsa da na'urar auna hayaƙinsa ma suna lalacewa, kuma ba su da araha.

Fetur ba shi da wannan dogon labari. Fulogi, koyil, famfon da ke cikin tanki, sai matatar salansa irin tasa, wadda ba DPF ba ce. Fulogi na gama-gari kan yi kilomita 30,000 zuwa 40,000, na iridiyam ya kai 100,000. Injin yana ɗumi da wuri, gajeriyar tafiya ba ta dame shi ba, kusan kowane bakanike ya san kansa, kuma ana iya mayar da shi ya yi aiki da iskar gas in ana samunta. Aibinsa shan mai ne da raunin jan kaya. Sai dai ka duba samuwar kayan gyara: a Turai manyan bas kusan duk dizal ne, a Amurka kuwa fetur ya fi yawa, don haka wani samfurin mai fetur baƙo ne a wata kasuwar.

Yanzu ga duba mai dizal ɗin, tunda a nan kuɗi ke nutsewa. Ka je da sassafe, ka ce kada a tayar kafin ka iso. Ɗaga bonet ka ɗora hannu a kan injin. In da ɗumi, an riga ka, ka dawo wata rana, domin inji mai ɗumi yana ɓoye matsalar hita, wato abin da ke ɗumama cikin injin dizal kafin ya tashi, da raunin matsi. Lafiyayyen dizal yana kamawa cikin daƙiƙa biyu ko uku bayan fitilar hita ta mutu. Sa wani ya tayar, kai ka tsaya a baya. Ɗan farin tururi da ke ɓacewa nan da nan ba komai ba ne. Farin hayaƙi mai yaji a ido da ya ƙi ɗaukewa, dizal ne da bai ƙone ba, nozul ko matsi. Shuɗi baƙin mai ne, daga turbo ko ringi. Baƙi kuwa mai ya fi iska yawa.

Kafin salansar ta yi zafi, sa yatsa a bakinta. Motar da matatarta ke aiki, yatsanka zai fito kusan fes. Ya fito baƙi ƙirin a motar da ya kamata tana da DPF, to an fasa matatar an zubar da cikinta, ko ta tsage. Wasu masu sayarwa har yabon wannan suke, wai sun raba ka da matsala. A ƙasashe da yawa laifi ne kuma motar ba za ta ci gwajin hanya ba, sannan ba ka san wane ne ya taɓa kwamfutar ba, balle me ya rufe a ciki.

Zaro sandar auna baƙin mai. Baƙinsa kada ya tsorata ka, man dizal yana baƙi kwana kaɗan bayan juye. Abin dubawa shi ne ko ya haura alamar sama, da kuma ko yana warin dizal. Sannan injin yana sulo, kwance murfin da ake zuba mai ka ɗora shi a bakin ramin ba tare da ka ɗaure ba. In yana ɗan rawa a wurinsa, ba laifi. In iska tana cilla shi sama tana bin sa da hayaƙi, ringi sun gaji. Leƙa gindin nozul ma: baƙin abu mai tauri kamar kwalta da ya taru a wurin, tare da sautin cif-cif, alamar wanshar tagulla ta ƙone ce. Tsofaffin Mercedes Sprinter sun yi suna da wannan, kuma in ya daɗe, ciro nozul ɗin kansa aiki ne.

Kada ka biya sai an jona mata kwamfuta. Ka sa a karanta maka yawan kunkunniya da tokar da ke cikin matata, kilomita nawa ta yi tun ƙonawar ƙarshe, da yadda kwamfuta ke ƙara wa kowane nozul mai ko rage masa. Wanda ya yi nisa da 'yan'uwansa shi ne mai ciwo. Bakanike mai kayan aiki zai iya jona ƙananan kwalabe huɗu a bututun da ke mayar da mai, a bar injin ya yi minti biyu. Kwalbar da ta riga sauran cika ta tona asirin nozul ɗinta. In mai motar ya yarda, a buɗe filtar dizal a haska da tocila. Ƙyalƙyalin garin ƙarfe ko kaɗan ne, ka bar motar.

Tambayi takardar canjin bel ɗin taimin. Na injinan dizal na Toyota 1KD da 2KD ana canja shi a kilomita 150,000, shi kuwa 2TR-FE sarƙa gare shi. Ford Transit mai injin EcoBlue lita 2.0, daga 2016, bel ɗinsa cikin baƙin mai yake gudu. In man ya gauraya da dizal, bel ɗin yana marmashewa ya toshe ragar famfon mai. Ba takarda, ka ɗauka ba a canja ba, ka cire kuɗinsa daga ciniki.

A gwajin tuƙi, ka sa giya ta huɗu a ƙaramin gudu ka danne totur. Zagayen inji ya tashi gudu bai ƙaru ba, kuloci ya ƙare. Ƙarar kwaram-kwaram lokacin tayarwa ko kashewa, da karkarwa a ƙafar kuloci, fulayiwil mai hawa biyu ne, wato faifan ƙarfen da ke tsakanin inji da kuloci, wanda yawancin dizal na yanzu ke da shi, kuma tare da kuloci ake canja shi. Lambar mita kada ka ba ta gaskiya ita kaɗai. Dubi robar feda, sitiyari da gefen kujerar direba ko sun dace da ita. Ka kuma kwanta ka leƙa shasi, don tsatsa ba ruwanta da irin man da mota ke sha.

In za ka riƙa shiga biranen da ke cajin motoci masu hayaƙi, duba ƙa'idarsu tun yanzu. A Landan, misali, mai dizal sai ta kai Euro 6 take tsira daga kuɗin, alhali mai fetur Euro 4 ta wadatar.

Turo shekarar ƙirar kowacce, lambar injinta da abin da mita ta nuna, da tsawon tafiyar da kake yi a rana, sai a faɗa maka wacce ta cancanci ka kai bakanike ya duba.