Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Taurari Ke Tsere Mini a Madubin Hangen Nesa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na samu madubin hangen taurari mai mazauni irin wanda ake kira ikwatoriyal, mai ƙafa uku da ƙarfen nauyi a gefe guda. Takardar da ta zo da shi ta ce a saita shi da Tauraruwar Arewa, amma na nema na rasa, kuma duk abin da na kama ba ya minti biyu sai ya fice. Ina mafita? Daga wani malamin makaranta, Tudun Wada, Gombe.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Ba taurarin ne ke gudu ba, duniya ce ke juyawa da kai, digiri 15 a kowace awa. Wannan mazauni, wanda wani masanin kimiyya ɗan Jamus, Joseph von Fraunhofer, ya fito da samfurinsa a 1824, an yi shi ne domin sandarsa guda ta yi daidai da sandar da duniya ke juyawa a kanta, wadda ke nuna wajen Tauraruwar Arewa. Idan ta daidaita, murɗa maɓalli ɗaya kawai ya isa ka bi tauraro duk dare.

Matsalar ita ce masu rubuta irin wannan takarda suna da mutanen Turai a rai, inda Tauraruwar Arewa take can sama. A Gombe da Bauchi kuwa, da yake muna kan digiri 10 da 'yan kai arewa da ikwaita, tsayinta daga ƙasa bai wuce haka ba, wato kamar faɗin dunƙulen hannu idan ka miƙe shi gabanka. Katangar maƙwabci ko bishiyar darbejiya ta isa ta tare ta, balle kuma hazon hunturu, wanda ya fi kauri a ƙasa-ƙasa.

Saboda haka ka fara da rana. Ka kafa sanda a miƙe a tsakar gida, ka jira lokacin zawali, sa'ad da inuwa ta kai matuƙar gajartarta, domin a daidai wannan lokaci inuwar tana kwance a kan layin kudu da arewa. Ka ja layin da gawayi ko fenti. Ni na fi yarda da wannan a kan kamfas, saboda ƙarfen mazaunin da rodin da ke cikin gini suna ruɗa allurarsa. Sai ka kafa ƙafafun a daidai da ma'aunin ruwa irin na magina, ka fuskantar da sandar mazaunin arewa bisa layin, sannan ka murɗa notin da ke ɗaga ta har alamar ta tsaya a kan 10.

A nan ne mutanenmu suka fi cin karo da wata wahala. Da yake sandar ta kusa kwanciya, ƙarfen nauyin yakan bugi ƙafar da ke gaba. Idan mazauninka yana ba da dama, ka juya kansa yadda ƙarfen zai sauko tsakanin ƙafafu biyu, amma ka sani cewa hakan yana sa shi saurin kifewa, don haka ka rataya masa wani abu mai nauyi a tsakiya.

Kullum ka fara ɗaura ƙarfen nauyi kafin madubin, kuma wajen kwancewa madubin ne farkon sauka. Ka sassauta makullin mazaunin, hannunka na riƙe da madubin, ka riƙa matsar da ƙarfen har sai madubin ya tsaya duk inda ka bar shi.

Da dare, ka kama tauraro da ke kusa da tsakar sama, kamar ɗaya daga cikin ukun nan da ke jere a ɗamarar rukunin taurarin da ake kira Oriyon, ka bi shi na minti biyar. Idan yana zamewa kudu, sandarka ta karkata gabas, sai ka dawo da ita yamma kaɗan. Idan arewa yake zamewa, akasin haka. Da zarar ya zauna, ka yi alama a inda kowace ƙafa ta taka, domin gobe ka mayar da su nan kai tsaye.