Algus, surki ko gami? Da maganar dambun da ba ya jin mai

Wani ɗalibin kimiyya ya turo tambaya, wai Malam wace kalmar Hausa ce ta dace da abin da suke kira dofin a ajinsu, wato ɗan sinadarin da ake sakawa cikin hodar fosfo don ta ba da haske, kuma ko akwai karin maganar da za ta nuna cewa in ya yi yawa hasken raguwa yake.

Toh ɗana, kafin mu shiga kalmomi ɗauko wayarka ka leƙa fitilar bayanta a kashe. Ka ga wannan ɗan ɗigon mai ruwan ƙwai? Ita ce hodar. Ƙarƙashinta shuɗin haske ne ke fitowa, hodar ta sha wani sashe nasa ta maido shi ruwan ɗorawa, in suka haɗu sai idonka ya ga fari. Kuma mai wannan aikin shi ne dofin ɗin da aka ɗan saka mata, wani sinadari mai suna siriyom, wanda bai wuce 'yan kashi kaɗan cikin 100 ba. Haka wani dofin ɗin mai suna yurofiyom, shi ya gyara jan launi a talabijin mai kala tun 1964.

Algus dai ka ajiye shi, wannan na mai zuba wa nono ruwa ne don ya cuci mai saye. Surki ma bai zauna ba, don surki rage ƙarfi yake, kamar ka surka ruwan wanka. Ni gami na zaɓa. Ai ka san ana ce wa kanwa uwar gami, ɗan ƙulli ake jefawa a tukunyar wake amma ita ke sa ya nuna da wuri, in kuwa hannu ya zarce kowa ya san yadda ɗanɗanon ke komawa.

Karin magana kuma nasan za ka ce in dambu ya yi yawa ba ya jin mai, amma a kula, a wannan maganar dambun ne ya yi yawa, man ya yi kaɗan, kenan ta dace da hodar da aka yi wa rowar gami, haskenta dishi-dishi. Ɗaya gefen da kake tambaya daban ne. In aka yi ta ƙara gamin hasken zai yi ta ƙaruwa har wani matsayi sannan ya fara faɗuwa, saboda ƙwayoyin gamin sun matsu da juna, wannan ya miƙa wa wancan ƙarfin, wancan ya miƙa gaba, har ya faɗa wani gurbi mai lahani ya zama zafi kawai, hasken bai fito ba. Nan sarkin yawa bai fi sarkin ƙarfi ba sam.

In malaminka ya matsa sai ka kawo Hausar wannan faɗuwar, ce masa gami ya zarce.